Wa ya riga wani? Tambayar da salula ke yi kafin murya ta iso Affala

Bayan girbi, garuruwan Adar kan rage maza. Matasan Affala da kewayen Tahoua sun tafi cin rani, wasu Abidjan, wasu Najeriya, wasu Libiya, kuma salula ce ke riƙe da zumunci. Idan kira ya yanke, rezo ake zargi, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani da ya gaji Orange. Amma kafin "salamu alaikum" ta fito daga wayar, akwai wata tambaya da ƙwaƙwalwarta ke amsawa ba hutu: tsakanin sigina biyu tagwaye, wanne ya riga wani?

Ɗaura jan ƙyalle a tayar keke, ka ɗaga ta, ka juya. Idan tsayin ƙyallen kawai kake rubutawa, za ka samu sama, tsakiya, ƙasa, tsakiya. Juya tayar baya, abin da za ka rubuta ke nan dai. Sai ka haɗa da wani ma'auni, wato ko ƙyallen yana gaba ko yana baya, sannan gaskiya ta fito: idan daga sama ya nufi gaba, tayar gaba take yi. Igiyar rediyo ma juyi ce, shi ya sa injiniyoyi ke raba ta gida biyu, I da Q, da tazarar rubu'in zagaye, wato digiri 90.

A tsarin GSM, wanda ƙananan wayoyin ƙauye ke aiki da shi, wannan shi ne saƙon kansa. Sau 270,833 a kowace daƙiƙa, juyin yakan ƙara rubu'i ko ya rage rubu'i, daga nan ake tsinto sifili da ɗaya. Tsarin 4G ya fi zurfi, don yana haɗa kusurwa da ƙarfin sigina ya samu matsayi 16 ko 64, amma tushen bai canza ba.

Dabarar ta girmi salula nesa ba kusa ba. A 1928 Ralph Hartley, injiniya a Amurka, ya samu rajistar wata hanya ta aika murya a gefe ɗaya tak na mitar tasha, ta amfani da wannan tazara ta digiri 90. Rediyon oba-oba na gajeren zango da motocin agaji ke ɗauka cikin hamada suna aiki da gefe ɗaya ɗin nan. A can ne ma kuskuren jerin I da Q ya fi fitowa fili. Idan aka musanya wayoyin I da Q, gefen sama ya koma na ƙasa, sautin da ke sama ya faɗo, na ƙasa ya hau. Za ka ji mutum yana magana da ƙarfi, ba za ka tsinci kalma ko ɗaya ba. Mai gyaran da bai san wannan ba sai ya kwana yana canza kayan da lafiyarsu ƙalau.

Gano jerin kuwa ba ya buƙatar duba. A ba wa rediyon sigina guda wadda aka san mitarta, a ce ta ɗara mitar da aka saita shi a kai da zagaye 1,000 a daƙiƙa. A sa I da Q a kan osiloskof, na'urar da ke zana siginar lantarki a allo. Bisa ƙa'idar da aka saba, I ce za ta kai ƙololuwa, Q ta biyo ta bayan rubu'in zagaye. Sai a sauko da siginar ƙasa da mitar rediyon: dole jerin ya juye. Idan aka ga akasin haka, ko an musanya wayoyin, ko an kifar da ɗayarsu. Akwai tarko guda. Wasu kan haɗa siginonin biyu su zana da'ira a allo, su ce aiki ya yi. Da'irar tana nuna tazarar ta cika 90 ne kawai. Ko wanne ke gaba, kamanninta ɗaya, sai an rage gudu an ga inda take juyawa.

Ita ma tazarar ba ta son wasa. Kuskuren digiri ɗaya kacal yana barin inuwar sigina a ɗaya gefen, mai rauni kusan sau 13,000. Kamar ba komai ba, amma inuwar tasha mai ƙarfi ta isa ta binne wata mai nisa. Abin sha'awa, wani lokaci da gangan ake kifar da jerin: a tsarin LoRaWAN na ƙananan na'urorin auna ruwa da yanayi, saƙon da ke saukowa daga babbar tasha a kife yake, don kada na'urorin su riƙa jin junansu.

A salula duk wannan yana cikin ƙwaya ɗaya da aka rufe, mai gyara a kasuwar Tahoua ba zai taɓa shi ba. Sai dai a ganina wannan ba hujja ba ce ta barin yaranmu a canza gilashi da batir. Tun 2012 aka gano cewa wata 'yar na'urar kallon talabijin mai arha, da ake kira RTL-SDR, tana iya zuba I da Q kai tsaye cikin kwamfuta. Cibiyoyin koyon sana'a na jihar Tahoua su sayi ko da goma ce, su sa ɗalibai su musanya siginonin da hannunsu, su ga abin da ke faruwa.