Yarima Hamlet da Zargin Matan Mamaci: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Assigamé

Duk wanda ya daɗe yana harka a Assigamé, babbar kasuwar birnin Lome, ya san yadda ake ciki idan maigida ya rasu. Ana gama sadakar bakwai sai a koma maganar shago, da bashin da ake bin marigayi, da wanda zai riƙe makulli. Sau da yawa kafin a kai arba'in sai ka ji an fara gunaguni a kan matar da aka bari: wai ta ɓoye kuɗi, wai ta ƙosa ta yi wani aure. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu wani tsohon labarin Turawa wanda ya taɓo wannan matsala.

Labarin wasan kwaikwayo ne mai suna Hamlet, wanda William Shakespeare na Ingila ya rubuta wajajen shekarar 1600. An gina shi ne a fadar Elsino ta ƙasar Danmak, gari na bakin teku inda sarakuna suka riƙa karɓar kuɗin fito daga jiragen ruwan fatake har zuwa shekarar 1857. Sarki ya mutu, ƙaninsa Claudius ya haye gadon sarauta, ya kuma auri matar wansa, Sarauniya Gertrude, tun ba a yi wata biyu da rasuwar ba.

Tun a farkon wasan aka bar ɗan marigayin, Yarima Hamlet, shi kaɗai a fili yana amayar da abin da ke cikinsa. Ya yi fatan mutuwa, amma ya tuna Ubangiji ya hana mutum kashe kansa. Ya tuna irin son da mahaifinsa ya yi wa mahaifiyarsa, da hawayen da ta zubar ranar jana'iza. Daga nan sai baƙin ciki ya kwashe shi, ya yi wa mata kuɗin goro, ya ce dukkansu raunin zuciya ne da su.

Abin lura shi ne, a lokacin da yake wannan magana bai san abin da ya kashe mahaifinsa ba. Sai daga baya fatalwar marigayin ta shaida masa cewa Claudius ne ya ɗura masa guba a kunne yana barci, ta kuma gargaɗe shi da ya bar mahaifiyarsa da Allah. Ashe wanda ya ci amana namiji ne, ɗan uwa na jini. Duk da haka Hamlet ya huce haushinsa a kan Ophelia, yarinyar da yake so, ya kuma kashe mahaifinta bisa kuskure, har ta zauce ta nutse a ruwa. A ƙarshe uwa da ɗa da Claudius duk suka mutu a rana ɗaya, sarauta ta faɗa hannun yariman ƙasar Norwe.

A wurinmu shari'a ta riga ta shata iyaka. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, mai ciki kuwa sai ta haihu. Da Gertrude a Zongo take, da an ce ta yi laifin gaggawa, amma auren ƙanin miji bayan takaba halal ne, saɓanin cocin Ingila na wancan zamani da ya haramta shi. Matar da ta cika takabarta ta yi aure ba ta ci amanar kowa ba. Tana kuma da rabonta na gado: tumuni idan mamaci ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba.

Batun raunin mata kuwa, Assigamé kanta ta isa shaida. A nan ne matan da ake kira Nana Benz suka mamaye cinikin atamfar Holan, musamman a shekarun 1970 da 1980, har suka samo sunan daga motocin Marsandi da suke hawa. Da gobara ta cinye babban ginin kasuwar a watan Janairun 2013, matan da suka yi asarar dukiya ne suka sake kasa kaya suka ci gaba da nema. Haka a gidajenmu na Zongo, zawarawa nawa ne ke ciyar da marayu da kuɗin ƙosai da koko?

Don haka muna kira ga abokan fatauci, daga Aflao zuwa Sinkase: mu rubuta bashinmu da na abokan hulɗa tun muna da rai, mu sanar da iyalinmu abin da ke cikin shago. Idan aka yi rashi, a kira malamai da shaidu a buɗe littafin ciniki kafin kowa ya buɗe baki da zargi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba matan da aka bari haƙuri.