Fatalwa a Fagen Bincike: Labaran Kisan Kai na Cikin Ruwan Sanyi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a gabatar da wani reshe na ƙagaggun labaran Turanci ga mai karatun da bai taɓa cin karo da shi ba. Reshen kuwa shi ne labarin bincike wanda ake bayarwa cikin ruwan sanyi, sa'an nan a sa fatalwa ko sihiri a cikinsa. Turawa suna kiran irinsa da suna kozi, wato abin da ke sa mutum ya ji natsuwa kamar yana zaune a ɗakinsa. Da jin haka tambayoyi biyu za su taso. Ta yaya labarin kisan kai zai kwantar da hankali? In kuwa akwai fatalwa a ciki, me ya hana ta tona asirin mai laifi tun a shafin farko?

Asalinsa

Ana jingina farkon labarin bincike ga marubucin Amurka Edgar Allan Poe, saboda wani gajeren labari da ya buga a 1841. Amma siffar da ake magana a kanta ta zauna da gindinta ne a Ingila, a hannun Agatha Christie. A 1930 ta fitar da The Murder at the Vicarage, inda wata dattijuwa, Miss Marple, ta gano mai kisa a ƙauyensu, ba da bindiga ba, sai da sanin halin maƙwabtanta.

A wancan zamani marubuta ba su yarda a sa abin gaibu cikin bincike ba. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na wannan fanni, ɗaya daga cikinsu ta haramta shi. Dalilinsa a fili yake: labarin bincike gasa ce tsakanin marubuci da mai karatu, in an warware ta da sihiri an yi maguɗi. Hasali ma tun a 1902 Conan Doyle ya bi wannan hanya a The Hound of the Baskervilles, inda karen da ake zaton na aljannu ne ya zama kare na sosai da wani mugu ya ajiye.

Siffofinsa

Wanda ya saba da littattafan James Hadley Chase, waɗanda ɗalibai da ma'aikata suka yi yayinsu a Nijeriya a shekarun 1970 da 1980, zai ga bambanci nan take. A kozi ba a bayyana zubar da jini filla-filla, ba a kuma kawo batsa. Wurin labarin ƙarami ne, ƙauye ko unguwa, inda kowa ya san kowa. Mai binciken ba ɗan sanda ba ne. Galibi mace ce mai kantin littattafai ko na tufafi. A ƙarshe ana kama mai laifi, gari ya koma zaman lafiyarsa. Nan ne amsar tambaya ta farko take: abin da ke kwantar da hankali shi ne tabbacin cewa gaskiya za ta yi halinta. Tun daga 1989 masu sha'awar fannin suke yin taron Malice Domestic a Amurka, inda ake ba da lambar yabo mai sunan Agatha.

Amsar tambaya ta biyu ita ce, marubucin kirki yakan ɗaure abin gaibun da iyaka. Fatalwa takan san wani abu, amma ba ta san kome da kome ba, kuma maganarta ba ta zama shaida a gaban alƙali. Dole mai bincike ta fita ta yi tambaya, ta auna maganganun mutane, ta nemo hujjar da hukuma za ta karɓa. Ta haka aka karya ƙa'idar Knox ba tare da an zalunci mai karatu ba.

Littattafan Farawa

Uku sun isa misali. Na farko shi ne Aunt Dimity's Death na Nancy Atherton, 1992. Wata Ba'amurkiya, Lori Shepherd, ta taso tana zaton Dimity sunan tatsuniya ne da mahaifiyarta ta ƙaga, ashe mace ce ta gaske da ta rasu a Ingila. Marigayiyar tana yi mata magana ta rubutun da ke bayyana a wani shuɗin littafi. Babu ma kisa a cikinsa, sai wani sirri na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, don haka ya dace da mai raunin zuciya.

Na biyu shi ne The Ghost and Mrs. McClure, 2004, wanda ya fito da sunan Alice Kimberly. Wata mata da mijinta ya rasu tana riƙe da kantin littattafai, a ciki kuwa akwai fatalwar Jack Shepard, wani mai bin diddigin masu laifi da aka kashe a wurin a 1949. Yana da gwaninta amma ba shi da jiki, ita tana da ƙafafu amma ba ta san aikin ba.

Na uku shi ne Secondhand Spirits na Juliet Blackwell, 2009, labarin Lily Ivory mai sayar da gwanjo a San Faransisko. A nan sai Bahaushe ya yi hattara da fassara. Kalmar da Turawa ke kiran irinta da ita akan fassara ta da mayya, alhali ba kurwa take kamawa ba. Ta fi kama da mai magani wadda ta san tsirrai da laƙani.

Kammalawa

Aljannu ba baƙi ba ne a rubutaccen adabin Hausa, domin suna cikin Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934. Sai dai a can sukan ɗauki jarumi su kai shi inda yake nema, a nan kuwa hankalin mutum ne ke ƙarasa aikin. Karanta su ba ya nufin gaskata abin da ke ciki, kamar yadda sauraron tatsuniya ba ya sa a yi imani da Gizo. Tun da yawancinsu jeri ne, ya kamata a fara daga littafin farko. In an gama, a koma baya a duba ko marubucin ya nuna alamun da suka kai ga warwarar labarin. In ya nuna, ya cika alkawarinsa ga mai karatu. In fatalwa ce kawai ta faɗi amsa, to, sai a nemi wani marubucin.