Gidajen Jakande da Mutanen Maroko

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Ikko ya ji labarin gidajen Jakande. Alhaji Lateef Jakande ne ya gina su domin masu ƙaramin ƙarfi sa'ad da yake Gwamnan Jihar Legas, daga 1979 zuwa 1983, a Amuwo-Odofin da Abesan da Iponri, aka sayar da su da rahusa.

Juyin mulkin Disamba 1983 ya tsayar da aikin, aka bar waɗansu ba a gama ba. Da Gwamna Raji Rasaki ya rushe Maroko a 1990, irin waɗannan kangaye aka ba waɗansu mazauna unguwar a Ilasan da Ikota. Akasarin dubban da aka tasa kuwa ko ɗaki ba su samu ba.