Daga Satiru zuwa Burma: Yaƙe-yaƙe uku da suka ratsa ƙasar Bodinga da Shagari

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Tambuwal zai ratsa Bodinga da Shagari cikin gonakin gero da dawa, ba tare da ya ga wata alamar yaƙi ba. Amma cikin shekara 70 na farkon ƙarni na 20, yaƙe-yaƙe uku sun taɓa gidajen wannan yanki, kuma a kowanne talakan ƙauye ne ya ɗauki kaya mafi nauyi.

Na farko ya auku a Satiru, wani ƙauye da ke kusa da Danchadi, kudu da Sakkwato. Shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, mutanen Satiru, waɗanda akasarinsu manoma ne da bayin da suka gudo, suka yi wa sabon mulki tawaye a ƙarƙashin Malam Isa da wani malami mai laƙabin Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka.

A ranar 14 ga Fabrairun 1906, suka tari sojojin dawaki da fartanya da gatari da kwari da baka. Sun kashe Turawa uku, har da muƙaddashin Razdan, da sojoji sama da 20. Sojojin da suka mutu ba baƙi ba ne, 'yan ƙasa ne da suka shiga aikin soja don neman abin kai wa baka.

Ramuwar ta zo a ranar 10 ga Maris. An buɗe wa mutanen wuta da bindigogi masu sarrafa kansu, aka kashe kimanin 2,000, aka kwashe mata da yara, aka ƙone garin. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya haramta sake zama a wurin, Satiru ta zama kufai.

Yaƙi na biyu an yi shi nesa, amma zafinsa ya iso gida. Bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila, Turawa sun nemi sarakuna da hakimai su kawo samari. A zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne aka riƙa ɗibar matasa daga ƙauyukan lardin Sakkwato zuwa soja.

Da yawa sun ƙare a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka fafata da Japan a dazuzzukan Burma daga 1943 zuwa 1945. Yaron da ya tashi a ƙasar fari ya tsinci kansa cikin ruwan sama mai yawa da duwatsu da zazzaɓin cizon sauro. Wasu ba su riƙe bindiga ba, aikinsu shi ne ɗaukar harsasai da abinci a ka inda mota ba ta shiga. Hausa ce harshen da sojojin Najeriya ke magana da shi a bariki. Har yau barikin Chindit da ke Zariya na ɗauke da suna daga wancan yaƙi.

A gida kuwa, gishiri da kananzir da yadi sun yi tsada. Bayan Faransa ta faɗa hannun Jamus a 1940, Nijar ta koma ƙarƙashin gwamnatin da ke ɗasawa da Jamus, aka tsaurara tsaron iyaka, fatauci ya ja baya. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubban maza daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da ƙarancin abinci suka kashe da dama. Mata da tsofaffi suka riƙe gonaki. Labarin fagen fama kuwa sai wanda ya iya boko ya karanta wa jama'a daga Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Ɗaya daga cikin 'yan bokon yankin a lokacin shi ne Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya yi karatu a Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944. Shi ne ya haɗa yankin da yaƙi na uku, wato yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da aka sake ɗibar samari har yawan sojojin Najeriya ya haura 200,000. Da yaƙin ya ƙare, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan tarayya mai kula da raya tattalin arziki da sake tsugunar da jama'a da gyara wuraren da yaƙi ya rusa.

Sunan Shagari ya shiga littattafan tarihi, haka ma sunayen Turawan da suka mutu a Satiru. Manomin da ya faɗi da fartanya a hannu, da ɗan dakon Burma, da matar da ta jira miji bai dawo ba, sai a bakin jikokinsu ake jin su.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya. Waɗanda suka ga Burma sun kusa ƙarewa, sojojin basasa kuma duk sun haura 70. Wayar da ke aljihun matashin Bodinga ko Shagari ta isa ta naɗi muryar kakansa tun yana raye.