Allura da Zare: Majalisar 'Yammata a Gindin Dala

Duk wanda ya ratsa lungunan da ke gindin Dutsen Dala bayan sallar la'asar, da wuya ya rasa cin karo da yarinya riƙe da hular da ba a gama ɗinkawa ba, za ta gidan maƙwabta. A can tsakar gida ƙawayenta na zaune bisa tabarma, kowace da allurarta, dattijuwar gidan kuwa tana duba hannunsu. Mai zane ya riga ya fitar da fasali a kan farin yadi, su kuma su bi shi da zare, hula guda takan ci makonni.

A shekarun 1970 wata masaniya daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta nuna cewa sana'ar matan kulle ta dogara ga tallar 'ya'yansu, da ribarta kuma ake tara kayan ɗaki. To, ɗinkin hula yana kawo wannan taro da sisi ba tare da yarinya ta wuni a bakin titi ba.

Amma fa amfaninsa ya wuce kuɗi. Budurwar da aka rage wa fita takan shiga kaɗaici, ga kunya ta hana ta buɗe wa mahaifiyarta ciki, balle 'yar fari. A wurin ɗinki take samun abokiyar shawara, ta shiga adashi, in ta yi fashi kwana biyu a zo a duba lafiyarta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya yarda da ita, ta kasance mai aikin hannu tana sadaka da abin da ta samu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar 'Yan Taru ta ilmantar da mata. Hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ita ma ta haɗa karatu da ɗinki a cibiyoyinta na mata.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa mai ba da ɗinki, ka biya lada cikakke a kan lokaci, domin karyar da farashi shi ke mayar da yarinya ga farantin talla. Kai kuma ma'aikaci, ka tuna da waɗannan majalisu ranar kasafi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.