Tsofaffi da Zaman Tudu

Garwa da Rey Buba suna cikin kwari, ƙasar zafi. Ngaundere kuwa tana bisa tudu, kimanin mita 1,100 sama da teku, dutsen Cabbal Mbabo ma ya haura mita 2,400. Gwargwadon hawa, gwargwadon raguwar iskar da huhu ke samu a kowane numfashi.

A tsayin Ngaundere, mai lafiya ba ya jin bambanci. Tsoho mai ciwon zuciya ko huhu ne zai iya fara haki, har ya daina fita kasuwa ko majami'a.

Amma abin da ya fi wahalar da iyayenmu shi ne sanyi. Saboda shi sukan rufe ɗaki da garwashi a ciki. Kada ku yarda. Hayaƙi yana tsananta tari, iskar gawayi kuma ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ku ba su bargo, hula da safa, ku fitar da kasko kafin a kwanta.

In ƙafafu sun kumbura, ko tsoho ya kasa barci sai a zaune, ko tari ya wuce mako 2, ku kawo shi asibiti ranar nan.