Kwalbar Biki Mai Kumfa: Ruwan Inabi Ne Ko Giya?

Da zarar an gama girbi, kuɗin gero da wake da gyaɗa sun shigo hannu, sai bukukuwan aure su kankama a Kanan-Bakashe da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa. A cikin kayan walimar da ƴan kasuwa kan saro daga Maraɗi ko Katsina, akwai wata kwalba mai kauri, wuyanta naɗe da takarda mai ƙyalli, toshiyarta ɗaure da waya, wadda in an buɗe sai ta yi ƙara, kumfa ya yi tsiri. Jama'a na kiran ta shamfen. To amma kwalaben nan iri biyu ne: wata ruwan inabi ne zalla, wata kuwa giya ce, kuma kamarsu ɗaya. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu saye da sayarwa bayani, don kada a yi kitso da ƙwarƙwata.

Duk macen da ke suyar fanke ta san aikin yis. In ta zuba shi a ƙulli mai sukari, ta ajiye wuri mai ɗumi, sai ƙullin ya tashi. Yis wata ƙaramar halitta ce mai rai, kamar yadda masanin Faransa Luwi Fasto ya nuna a shekarar 1857. Tana cin sukari, ta fitar da iska da kuma sinadarin da ke bugarwa. Haka ruwan inabi ke zama giya.

Shamfen na asali daga yankin Shamfan yake, a arewa maso gabashin Faransa. Bayan ruwan inabin ya zama giya, sai a ɗura shi a kwalba, a ƙara sukari da yis, a toshe. Yis ya sake aiki, iskar ba ta da mafita, sai ta narke a ciki. Ƙarfinta ya ninka na tayar ƙaramar mota sau biyu ko fiye, dalilin kaurin kwalbar da ɗaurin waya ke nan. Doka ta ce sai ya kwana aƙalla wata 15 kafin a sayar. Cava na Sifen ma haka ake yin sa, shi kuwa Prosecco na Italiya a babban tanki ake tayar da shi. Dukkansu suna da barasa kimanin kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Kalmomin "brut", "demi-sec" da "doux" yawan zaƙi kawai suke nunawa, ba rashin barasa ba.

Akwai kuma giyar inabin da ake ƙara wa ƙarfi da tatacciyar barasa. A kwarin kogin Duro na Fotugal, ana zuba barasar tun yis bai cinye sukari ba, sai yis ɗin ya mutu, zaƙi ya saura. Wannan ita ce Porto, mai kashi 19 zuwa 22. Ta garin Heres na Sifen kuwa, sai yis ya gama aiki ake ƙarawa. Porto ja ce wur, da zaƙi kamar an dama zuma, don haka wanda bai sani ba zai iya ɗaukar ta lemo ko maganin ƙarin jini, alhali ta kusa ninka shamfen ƙarfi.

Ita kuwa kwalbar da ba giya ba, ruwan inabi ne aka cusa wa iska da inji, kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Yis bai taɓa shi ba.

Saboda haka Hajiya, kafin ki biya kuɗin katan, ki juya kwalbar. In kin ga lamba tare da alamar "% vol", kamar 12, giya ce. Haka nan kalmomin "vin" ko "wine". Wadda aka rubuta "jus de raisin" tare da 0,0% ita ce ruwan inabi. A lura, giyar da aka cire wa barasa, dokar Turai ta yarda a bar mata har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. In ba ki karatun boko, ki sa ɗan makaranta ya duba maki; tambaya ba ta ɓatar da kowa.

Wannan bayani ya shafi masu zoɓo, lemun citta da kunun zaƙi ma. Akwai yis a iska da jikin kwanuka. In gora mai sukari ta wuni a zafin bazara, ta kwana babu ƙanƙara, sai ki ga ta kumbura, in an buɗe ta yi huci, ɗanɗano ya koma tsami. Aikin nan ne dai ya fara. A wanke goruna da kyau, a yi daidai abin da zai ƙare a ranar kasuwa, wadda ta kumbura kuma a zubar, kada a gauraya da sabo.

Asarar gora biyu ba ta kai asarar suna ba. Uwar amarya da ta amince da ke ta ce "ba ni na biki", in aka gano giya ta raba wa baƙi, ba za ta sake tsayawa rumfarki ba, kuma labarin zai riga ki isa gida. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.